Gwajin sankarar dubura: yadda aka yi mini shi da abin da ya rage mini zafinsa

Ina cikin mutanen da aka yi wa dashen ƙoda. Duk wanda aka yi wa dashe ya san cewa daga ranar ya shiga shan magungunan danne garkuwar jiki har ƙarshen rayuwarsa, don kada jikin ya ƙi sabuwar ƙodar. Da na cika shekara goma da dashen, likitar da ke duba ƙodata ta ce lokaci ya yi da zan fara gwajin sankarar dubura. Ba ni da wani ciwo a wurin, ba na ganin jini, ba na jin ƙaiƙayi. Na nemi wanda zai gaya mini yadda gwajin yake daki-daki, na rasa, domin wuri ne da mutane ba sa son ambata ko da a gaban likita. Takardar da aka ba ni a asibiti kuwa layi ɗaya ta yi a kan zafi, wai mai yiwuwa a ɗan ji rashin daɗi. Wannan bai ishi mutumin da zai kwanta a gadon gwaji ba. Shi ya sa na zauna na rubuta abin da ya faru da ni tun daga farko, musamman abubuwan da suka sa zafin ya ragu, domin yawancinsu abubuwa ne da mara lafiya zai iya nema da bakinsa.

Tambayar farko da na yi wa likitar ita ce me ya haɗa ƙoda da dubura. Ta yi mini bayani cewa kusan kashi 90 cikin 100 na sankarar dubura ƙwayar cutar HPV ce ke haddasa ta, ita ce dai wadda ke kawo sankarar bakin mahaifa ga mata, kuma nau'in da ake kira HPV16 ya fi kowanne ɓarna. Yawancin manya sun taɓa ɗaukar ƙwayar a wani lokaci na rayuwarsu ba tare da sun sani ba, garkuwar jiki ta kawar da ita shiru. Wanda garkuwarsa ta yi rauni ne ta fi samun wurin zama a jikinsa, ta yi shekaru tana sauya ƙwayoyin fatar wurin a hankali. Na ga alamar ta karanci abin da ke raina, don ta ƙara da cewa ba sai mutum ya taɓa saduwa ta dubura ba ƙwayar ke isa wurin, kuma ba wanda yake tuhumata da komai. A shekarar 2024 ne ƙungiyar masana ta duniya a wannan fanni, wadda ake kira IANS, ta fitar da ƙa'idojin waɗanda ya kamata a riƙa yi wa gwajin. Akwai masu ɗauke da HIV, wasu daga shekara 35, sauran daga shekara 45. Akwai matan da aka taɓa samu da sankarar fatar gaba ko alamunta na farko. Sai mu da aka yi wa dashen wata gaɓa, bayan shekara goma da dashen. Ba gwajin kowa da kowa ba ne, domin cutar ba ta da yawa a cikin jama'a.

Duk da wannan bayani gabana bai daina faɗuwa ba, kuma akwai dalili. Shekarun baya, a wani asibiti daban, wani likita ya taɓa duba ni da yatsa saboda matsalar fitsari. Bai ce mini komai ba sai "juya". Kafin in gyara kwanciya ya riga ya shiga. Zafin da na ji ya kai har cikin cikina, na yini ina jin raɗaɗi, kuma abin da ya fi damuna shi ne yadda aka yi da ni kamar babu mutum a kan gadon. Tun daga lokacin, da an ambaci irin wannan gwaji sai in ji jikina ya ɗaure. Na gaya wa likitar ƙodata wannan labari. Ta ce in maimaita shi ga duk wanda zai taɓa ni a sashen da za ta tura ni, ta kuma rubuta shi a cikin takardar turawar.

Sha'anin takardu ya ci lokaci fiye da yadda na zata. Na kai takardar turawa wurin masu ba da rana, suka ce sai na kawo jerin magungunan da nake sha da sakamakon gwajin jinina na baya-bayan nan. A ofishin kuɗi na gano cewa abin ba kuɗi ɗaya ba ne. Ganin ma'aikaci daban, karanta samfurin a ɗakin gwaje-gwaje daban, gwajin HPV daban. Idan aka kai ga duba ciki da na'ura, shi ma da nasa, kuma kowane ɗan naman da aka yanko aka aika gwaji ana lissafa shi shi kaɗai. Mai inshora ya tambayi kamfaninsa tun da wuri ko suna buƙatar takardar amincewa kafin a yi, domin nawa sun buƙata, kuma jiran wannan amincewar ce ta tura ranata gaba. Ana saura kwana kaɗan wani nas ya kira ni a waya. Ya ce cikin awa 24 kafin gwajin kada in sa komai a dubura: ba man shafawa, ba maganin cusawa, ba wanke ciki da ruwa, ba saduwa. Wankin waje na yau da kullum ya isa. Wannan ya ba ni mamaki, domin niyyata ita ce in sha maganin wanke ciki don kada in ji kunya. Ya ce wanke cikin yana tafiya da ƙwayoyin da ake son ɗebowa, yana kuma sa fatar wurin ta yi ja, ta ƙara jin zafi. Ba a azumi, ba a daina cin abinci. In bayan gida ya zo da safe a yi, in bai zo ba kada a matsa. A wannan wayar na nemi namiji ya yi mini, ya ce shi ne ma zai yi.

Ranar farko na zauna a layi tare da masu jiran wasu gwaje-gwaje, ba wanda ya san abin da ya kawo wani, wannan ma ya ɗan kwantar mini da hankali. Da aka kira ni, nas ɗin bai ce in cire kaya ba sai da muka yi magana a zaune. Ya ce, "Baba, na karanta abin da likita ta rubuta. Ba zan taɓa ka ba sai na faɗa maka abin da zan yi." Ya nuna mini ɗan tsinken da zai yi aiki da shi, siriri, kansa kamar na auduga. Ya ba ni zani na rufa, ya juya baya har na kwanta a gefen hagu na naɗe gwiwoyina zuwa ƙirji. Zanin bai buɗe ba sai daidai wurin da zai duba. Ya jiƙa kan tsinken da ruwa, ya tura shi kamar santimita 5 zuwa 7, sannan ya riƙa juya shi yana danna bangon wurin yana janyowa a hankali. Gaskiya akwai rashin daɗi, irin na gogar busasshen abu, amma bai kai minti ɗaya ba. Na tambaye shi me ya hana a sa mai tukuna. Ya ce man yana lulluɓe ƙwayoyin, mai dubawa a ɗakin gwaji ya kasa ganinsu, a dawo da sakamako cewa samfurin bai yi ba, a sake kiran mutum. Saboda haka ake fara ɗibar samfurin kafin komai, da ruwa kaɗai. Ya ce a wasu asibitocin ana ba mutum tsinken ya shiga banɗaki ya ɗebo da kansa, kuma wanda abin ya yi masa nauyi yana iya tambaya ko ana yin haka a inda yake.

Bayan tsinken sai gwajin yatsa, wanda shi ne na fi tsoro. Ya sa safar hannu, ya shafa man santsi mai haɗe da maganin kashe zafi na lidoken a bakin wurin, ya ce mu ɗan jira ya kama. Sannan ya ɗora yatsan a waje bai shiga ba, ya ce in yi nishi ƙasa kaɗan kamar mai shirin bayan gida, in saki numfashi ta baki. Ina sakin numfashin na ji ya wuce, ba tare da tsagewar nan da na sani ba. Ya zagaya da yatsan yana laluben ƙullutu ko wuri mai tauri, yana gaya mini inda ya kai. Matsi na ji, da jin kamar bayan gida zai fito, ya ce kowa haka yake ji kuma babu abin da zai fito. Da ya gama ya miƙo mini takardar gogewa, ya fita ya bar ni na shirya ni kaɗai. Gwajin da ya yi mini shi ne dai wanda wancan likitan ya yi shekarun baya. Bambancin mintuna biyu ko uku ne na haƙuri da magana.

Jiran sakamako ya ɗauki makonni, kuma a wannan tsakanin ne zuciya ta yi ta saƙe-saƙe. Da ya fito, yatsa bai ji komai ba, amma samfurin ya nuna ƙwayoyin da suka sauya kama, gwajin HPV kuma ya nuna nau'i na 16. Nas ɗin ya yi saurin cewa wannan ba sankara ba ce. Gwajin tsinke nuni kawai yake yi cewa akwai abin dubawa, ba ya faɗin inda yake ko girmansa. Mataki na gaba shi ne a leƙa ciki da na'urar da ke ƙara girman abu, abin da likitoci ke kira HRA. A nan na sake cin karo da jira, domin masu horon yin wannan aikin ba su da yawa ko a manyan asibitoci. A inda nake zuwa mutum ɗaya ce, kuma mace. Na yi jim da aka gaya mini. Aka ce za a iya tura ni wani wuri in na fi son namiji, sai dai jiran zai ƙaru sosai. Na zaɓi in tsaya, da sharaɗin nas ɗin nan ya kasance a ɗakin, aka amince ba tare da wata gardama ba. Sun tambaye ni ko ina shan maganin tsinka jini ko asfirin, ko wani magani ya taɓa yi mini illa, musamman lidoken da aidin. Sun ja kunnena kada in dakatar da kowane magani da kaina sai likitar ƙoda ta ce. Dokar awa 24 ta farko tana nan yadda take.

Ranar duba cikin, likitar ta zaunar da ni ta zana mini hoton wurin a takarda kafin in sa hannu a takardar amincewa. Ta nuna mini bututun roba mai haske da za ta sa, tsawonsa bai wuce yatsa ba, kaurinsa ya ɗan fi babban yatsa. Ganinsa da idona ya rage mini tsoro, domin abin da na ƙiyasta a raina ya ninka shi. Ta ce, "Baba, a ɗakin nan kai ke da birki. Ka ce in dakata, zan tsaya inda nake. Ka ce in fita, zan cire komai." Na ce, "Likita, ko da kin kusa gamawa?" Ta ce ko da saura kaɗan. Ta kuma tambaye ni ko ina son ta riƙa faɗin duk abin da take yi, ko na fi son shiru, domin akwai waɗanda bayanin ke ƙara musu fargaba. Na ce ta faɗa.

Bayanin da ta yi mini a kan tsokar wurin shi ne ya fi yi mini amfani, don haka zan tsaya a kansa. Zoben tsoka biyu ne ke tsuke dubura. Na waje yana ƙarƙashin ikon mutum, shi ne wanda ake matsewa idan bayan gida ya matsa ba a kusa da banɗaki. Na ciki kuwa ba ya jin umarni, da kansa yake aiki, kuma ba ya saki sai an danna shi a hankali an jira. Mutum in ya tsorata sai ya riƙe numfashi, ya matse na waje ba tare da ya sani ba. Idan mai dubawa ya tura da ƙarfi a wannan hali, yana tura ƙofa ce da ake dannewa ta ciki. Yawancin zafin da mutane ke ji daga nan yake fitowa. Saboda haka kalmar "saki jikinka" da ake yawan faɗa wa mara lafiya ba ta wadatar ba, domin ba wanda ya san yadda ake sakin wannan wurin da gangan. Abin da ta koya mini ya fi sauƙin bi: in ja numfashi ta hanci har cikina ya taso, in sake shi ta baki a hankali ya fi jan tsawo, in saki muƙamuƙina da kafaɗuna, sannan in yi ɗan nishi ƙasa a daidai lokacin da za ta shiga. Ta ce in fara matse wurin da ƙarfi na ɗan lokaci sannan in saki, don in gane bambancin matsewa da sakewa a jikina. Na gwada tun kafin ta taɓa ni.

Na kwanta a gefen hagu kamar wancan karon, aka sa mini matashi tsakanin gwiwoyi, nas ya zauna ta wajen fuskata. Ta shafa man lidoken a waje da ɗan ciki, ta duba agogo, muka jira. A wannan jiran ba ta tsaya shiru ba, ta yi ta tambayata labarin dashen da yadda nake ji da magungunan. Sai ta fara da yatsa, sannan bututun. Shigarsa ta farko ita ce mafi nauyi, matsi mai cika wuri, na ce ta dakata. Ta tsaya cak, ba ta ja baya ba, ba ta ƙara ba. Na yi numfashi uku ko huɗu, na ji wurin ya saki da kansa, na ce ta ci gaba. Ta cikin bututun ta saka tsinke naɗe da bandeji da aka jiƙa da ruwan khal mai ƙarfin kashi 5 cikin 100, ta zare bututun ta bar tsinken kamar minti biyu. Ruwan yana da sanyi, yana ɗan yin zogi, ta ce in akwai tsagewa ko basir da ya kumbura zogin ya fi haka, shi ya sa take tambaya tun farko. Amfaninsa shi ne yana sa wuraren da suka sauya su yi fari. Ta mayar da bututun da sabon mai, ta jawo na'urar mai fitila da madubi. Ita na'urar ba ta shiga jiki, daga waje take hangowa. Ta riƙa juya bututun kaɗan-kaɗan tana duba kowane lungu, tana shafa aidin a wasu wurare, domin lafiyayyar fata tana shan aidin ta yi duhu, wadda ta sauya kuwa ba ta sha.

Ta ga wurare biyu da take son yanko ɗan nama. Ɗaya yana can ciki, ɗaya kusa da baki. A nan ta sake mayar da ni ga zanen da ta yi. Akwai wani layi a cikin dubura, kamar santimita 2 daga baki. Sama da shi babu jijiyoyin da ke jin yanka, ƙasa da shi kuwa fata ce mai ji ƙwarai. Na cikin ta yanke shi ba tare da allura ba, abin da na ji ɗan ja ne kawai da ƙarar ƙarfen. Na kusa da bakin sai da ta yi allurar kashe zafi. Ta gargaɗe ni cewa allurar za ta yi zafi na daƙiƙu kaɗan, kuma ta yi, shi ne zafi mafi tsanani a duk ranar. Na damƙe hannun nas ɗin, yana cewa, "Saki numfashi, Baba, saura kaɗan." Ta tura maganin a hankali, ta jira, ta taɓa wurin ta tambaye ni ko ina ji, sai da na ce a'a sannan ta yanka. Naman da ake ɗauka bai wuce milimita 2 zuwa 3 ba. Ta shafa maganin tsayar da jini, ta ce zan iya ganin baƙi-baƙi a bayan gida saboda shi, kada in tsorata. Duka aikin bai wuce rabin awa ba. Ta ce in zauna a bakin gado tukuna kafin in miƙe, domin wasu jiri na ɗibarsu.

Na koma gida da ƙafata. Da maganin ya sake ni da yamma, sai raɗaɗi ya taso a wurin allurar. Farasitamol aka ce in sha. An hana ni ibuprofen da diclofenac da danginsu, domin suna cutar da ƙoda, kuma wannan gargaɗi ne da duk mai dashen ƙoda ko ciwon ƙoda ya kamata ya riƙe, ko da wani ya ba shi da kyakkyawar niyya. Abin da ya fi taimaka mini shi ne zama cikin ruwan ɗumi na minti goma zuwa sha biyar, musamman bayan na fito daga banɗaki. Bayan gida na farko shi ne abin fargaba. Likitar ta riga ta rubuta mini maganin tausasa bayan gida, ta ce in fara sha tun daren, in yawaita ruwa gwargwadon abin da likitar ƙoda ta yarje mini, kada in yi yunƙuri, kada kuma in riƙe shi don tsoro, domin riƙewar ce ke sa ya bushe ya yi tauri. Na ga ɗigon jini na 'yan kwanaki, sannan ya ɗauke. An ce kada a sa komai a wurin har sai ya warke, mako ɗaya zuwa biyu. An ba ni lambar da zan kira in jini ya yi yawa ko ya zo da gudaji, in zafi yana ƙaruwa maimakon raguwa, in fitsari ya ƙi fita, ko in zazzaɓi ya zo. Ga mai raunin garkuwa zazzaɓi ba abin jira zuwa safe ba ne.

Sakamakon naman ya nuna cewa na kusa da baki ba wani abu ba ne, amma na ciki shi ne abin da suke kira HSIL, wato sauyi mai tsanani wanda bai zama sankara ba amma yana iya zama. Na tambaye ta ko dole ne a taɓa shi. Ta kawo mini labarin binciken ANCHOR da aka yi a Amurka ƙarƙashin jagorancin Dakta Joel Palefsky na Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko, wanda aka wallafa a 2022. An raba mutum 4,446 masu HIV da ke da irin wannan sauyi gida biyu, aka yi wa rabi magani, aka riƙa sa ido a kan rabi. Mutum 9 ne suka kamu da sankara a cikin waɗanda aka yi wa magani, 21 a cikin waɗanda aka sa wa ido, wato maganin ya rage haɗarin da kashi 57 cikin 100. Ta faɗa mini gaskiya cewa masu HIV aka yi binciken a kansu, amma da yake matsalarmu ɗaya ce, raunin garkuwa, shawararta ita ce a cire. Na yarda. An ƙona wurin da wata 'yar na'urar lantarki a ɗakin da aka duba ni, bayan allurar kashe zafi. A lokacin aikin ɗumi kawai na ji da ƙaurin ƙuna, wanda ta riga ta gaya mini zan ji. Raɗaɗin bayansa ya fi na yankan nama daɗewa, amma dabarun nan dai su ne suka fitar da ni. Akwai kuma masu amfani da man shafawa na magani a maimakon ƙonawa, ya danganta da girman wurin da inda yake.

Abin da ban fahimta ba sai a ƙarshe shi ne wannan gwaji ba a yin sa sau ɗaya a huta. Irin wannan sauyi yana yawan dawowa, ko a wurin ko a kusa da shi, don haka za a ci gaba da kirana lokaci-lokaci. A nan ne maganar rage zafi ta wuce maganar jin daɗin mara lafiya kawai. Mutumin da aka ji wa ciwo a karon farko ba zai dawo na biyu ba, zai karɓi takardar rana ya jefa a aljihu, kuma sai abin ya girma za a sake ganinsa. Ina ganin duk ma'aikacin da ke gaggawa a wannan wuri don ya rage layi, mara lafiya yake korewa. Jiran maganin kashe zafi ya kama, rufe mutum da zani, faɗa masa kafin a taɓa shi, babu wanda ke cin kuɗi a ciki.

Ga wanda za a yi wa, ka faɗi tsoronka tun kana zaune da kayanka a jiki, domin in ka kwanta bakinka zai yi nauyi. In an taɓa ji maka ciwo a gwaji, ko an taɓa cin zarafinka, ba sai ka ba da labarin duka ba, ya isa ka ce wannan wurin yana da wuya a gare ka kuma kana buƙatar a bi a hankali. Ka tambaya ko za a sa lidoken, ka nemi a jira ya kama. Ku yi yarjejeniya a kan kalmar dakatawa. In kana da tsagewa ko basir da ya tashi a ranar, ka faɗa, sau da yawa gara a yi maganinsa tukuna a ɗaga gwajin. Akwai kuma waɗanda duk da wannan ba za su iya jurewa a farke ba, su ana iya yi musu a ɗakin tiyata da maganin barci, kuma neman hakan ba gazawa ba ce. Ni na roƙi a rubuta a fayil ɗina abubuwan da suka yi mini aiki, matashi tsakanin gwiwa, jiran maganin, da faɗa mini kowane mataki, don ko wani ne ya karɓi aikin ba sai na fara bayani daga farko ba.

Duk abin da na faɗa na wanda ba shi da alamar ciwo ne. Wanda yake ganin jini, ko yake jin ƙullutu, ko ciwo ko ƙaiƙayin da ya ƙi tafiya, ko ya ga yanayin bayan gidansa ya sauya, kada ya yanke wa kansa hukuncin cewa basir ne, kada kuma ya jira ya cika shekarun da ƙa'ida ta ambata. Ya je a duba shi da yatsa da bututu a makon, ya kuma nemi a yi masa da maganin kashe zafi, domin wurin da ke da ciwo ya fi buƙatarsa.